Ba rashin iyawa ba ne ya sa Gyan ya ɓarar da fenaretin nan

Malam mai rahoto, ka ce rashin ƙwarewa ke sa manyan 'yan wasa ɓarar da fenareti. Ban yarda ba. Duba Asamoah Gyan na Ghana a wasansu da Uruguay a gasar cin kofin duniya ta 2010. Kafin ranar ya ci fenareti biyu a gasar, ragar Sabiya da ta Ostareliya. Amma da Suarez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci aka ba Ghana fenareti, Afirka kaf ta zuba wa Gyan ido, sai ya ɗirka wa sandar sama.

Tazarar mita 11 ce, tsayin raga mita 2.44 kacal. Idan gaba na faɗuwa, numfashi na gajarta, cinya ta sandare, mutum ya yi gaggawa da jin usur. Ƙirji ya ɗan koma baya, ƙafa ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, shi ke nan ta tashi. Ga gajiyar minti 120 kuma.

Shi ya sa masu horarwa ke cewa ka zaɓi kusurwa tun kafin ka aje ƙwallo, ka ja numfashi bayan usur, kada ka tsaya kallon gola. Abin mamaki, mintuna kaɗan bayan haka Gyan ɗin ne ya fara bugawa Ghana a bugun raba gardama, ya kuma zura ta can sama.