Ni da tawul ɗina a ofis

Kun dai san yadda idanuna suka ba ni wuya watannin nan: in farka gashin ido ya manne da kwantsa, bakin fatar ya yi ja, ciki kamar an watsa yashi. Likitan ido ya haska ya ce bilefaraitis ne, wato kumburin bakin fatar ido. Wai akwai 'yan ƙofofin maiƙo jere a bayan gashin ido, sama da 20 a kowace fata, maiƙonsu ke hana hawaye saurin bushewa, to nawa ya daskare ya toshe su. Amosanin kaina ma da hannunsa a ciki. Magani? Tawul mai ɗumi a kan ido minti 5 zuwa 10, a murza fatar a hankali, a goge gindin gashin. Kullum. Na ce har yaushe, ya ce ba ya warkewa kwata-kwata, lallaɓa shi ake yi.

Ranar Talata na makara ban yi a gida ba, sai na tafi da tawul ofis. Lokacin hutu kowa ya fita, na jiƙa shi da ruwan ɗumi, na kishingiɗa a kujera, na shimfiɗa a fuska. Sai na ji an turo ƙofa. Na ɗauka mutumin nan ne na kusa da taga, ban ko motsa ba na ce, "Rufe da sauri kafin sarkin zagaye ya leƙo, ba shi da aiki sai ƙirga mutane."

Shiru. Sai gyaran murya. Wallahi ko a mafarki na san wannan gyaran muryar.

Na fizge tawul na miƙe. Abin da likita bai gaya min ba, bayan gashi ido yakan yi dishi-dishi na ɗan lokaci saboda maiƙon da ya narke. Mutum uku nake gani a hazo. Na zaɓi mafi faɗi na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Ashe baƙo ne, Oga yana ɗaya gefen yana kallona. Ta ukunsu, wata dattijuwa, ta ga ido ja, ruwa na bin kumatu, ta ce cikin tausayi, "Ɗana, rasuwa aka yi? Allah ya ba da haƙuri." Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Amin, Mama." Amin fa! Wa ya rasu?

Duk wannan da sauƙi. Shi na kusa da tagan, wanda ashe yana bayansu, ya ɗaga murya: "Yallaɓai, kar ku gaisa da shi, apolo ne!" Sau nawa zan gaya wa bawan Allahn nan abin ba ya yaɗuwa? Tun da ya fara ganin idona ya ja kujerarsa nesa, biro na in ya ara sai ya goge da takarda. Mutumin da ya yi mako biyu da hazbiya kamar ƙwallo, babu wanda ya ce masa uffan. Har yau cajata tana wurinsa, ita bai ji tsoronta ba.

Oga dai bai ce komai ba, kuma har yanzu bai ce ba. Tawul ɗin ma a can na manta shi.