Dogon turke ɗaya ba ya isar jiha guda

Kudancin Wales a Birtaniya, inda nake zaune, ƙasa ce ta tuddai da kwari, garuruwan masu haƙar kwal na da sun jeru can ƙasa tsakanin duwatsu. Rediyon FM kuwa tafiyarsa miƙaƙƙiya ce daga eriya, dutse ya tare shi, shi ke nan. Shi ya sa babbar tashar watsawa ta Wenvoe da ke kusa da Cardiff, duk ƙarfinta, ba ta sauka sosai cikin kwarin Aberdare ko Ebbw Vale. Sai aka kafa ƙananan tashoshi a bisa tuddai, kowacce ta kamo shirin babbar ta sake watsa shi a wata mita ga garin da ke ƙarƙashinta. Wasu ƙarfinsu bai kai wat 100 ba. Rediyon mota ma da kansa yake komawa mitar da ta fi kamawa, direba bai taɓa komai ba.

A gida Najeriya fa? Abin da muka saba gani, a girka ƙatuwar na'ura a babban birnin jiha, a yi bikin buɗewa, a ce yanzu kowa zai ji. Ba kowa ba ne. Mutumin Gembu a kan tsaunin Mambilla, turken Jalingo ba zai kai masa FM ba, komai tsayinsa. Haka wanda ke bayan duwatsun Gwoza.

Da can ba mu ji zafin wannan ba, domin iyayenmu gajeren zango da matsakaicin zango suke kamawa, Rediyon Tarayya na Kaduna da dare har Nijar ake jin sa. Yanzu manomi da makiyayi da ƙaramar wayar hannu suke sauraro, ita kuma FM kaɗai take kamawa. Sanarwar rigakafi, hasashen damina, gargaɗin ambaliya, duk sun fi amfanar mutumin karkara, kuma shi ne ke jin shuuu.

Na san za a ce wuta, za a ce ɓarayi. Gaskiya ne. Amma ƙaramar tasha irin wannan farantan sola da batir sun ishe ta, kuma turakun kamfanonin waya suna nan tsaye a ƙauyuka da masu gadinsu, hayar wuri kawai za a biya a rataya eriya. Kafin wata jiha ta sake sayen babbar na'ura, a fara sa injiniyoyi su zagaya ƙananan hukumomi da rediyo a hannu, su rubuta inda tasha ke ɗaukewa.