Maraɗi bayan isha'i: ina za mu kai baƙo?

Haba jama'a! Gari kamar Maraɗi, wanda motoci ke kwana suna shigo masa daga Jibiya ta Ɗan Isa, daga Yamai, daga Damagaram, daga Dakwaro, a ce da zarar an sallame sallar isha'i mai masauki ya rasa inda zai kai baƙonsa? Abin nan ya ishe ni. Kullum muna bugun ƙirji mu ne cibiyar kasuwancin Nijar, amma baƙo ya gama cinikinsa da la'asar, ya watsa ruwa, ya ci tuwo, ya ce a zaga da shi ya ga gari, sai ka tarar da mai gida yana sosa ƙeya yana kame-kame. Ƙidayar 2012 ta ce mun haura mutum dubu 260, yau kuwa mun wuce nan nesa ba kusa ba, unguwanni sun miƙe har sun cinye gonaki. Duk wannan taron jama'a, in dare ya yi, abin da gari ya tanadar musu shi ne duhu da ƙugin janareta.

Da rana ba mu da abin jin kunya. Ga babbar kasuwa, ga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ga Tsibirin Gobir nan kusa, ga tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyansa, ga lambunan Jiratawa. To amma wane baƙo ne ke da rana? Ɗan kasuwa yana wajen kaya da lissafi. Wanda ya zo taron bita yana kulle cikin zaure tun safe. Uban da ya kawo ɗansa jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ko iyayen da ke ƙetarowa daga Najeriya su duba 'ya'yansu a jami'ar Maryam Abacha, suna bin takardu ofis ofis. Ga zafin bazara da ke haura awo 40, wanda ba ya barin kowa yawo sai dole. Lokacin da baƙo ke da shi na kansa guda ne, daga magariba zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da iska ta fara kaɗawa jiki ya saki. Shi ne kuma daidai lokacin da muke juya masa baya.

Kar wani ya ce mini ai akwai mai shayi da mai tsire. Na sani, kuma tsiren garin nan da balangunsa ba na bayar da su a kan na ko'ina. Amma mutum ya sayi tsire a takarda, ya zauna kan benci a bakin kwalta, ƙurar babura na zuba masa a kan nama, almajirai sun kewaye shi da robobi suna jiran ya rage, wannan ne shaƙatawa? Minti nawa zai yi? Kar kuma a ce akwai fada. Fada ta 'yan unguwa ce, samarin da suka taso tare, tabarmarsu da butar shayinsu da hirar da suka saba. Baƙon da bai san kowa ba ba zai faɗa musu haka kawai ba, dattijo ba zai zauna cikinsu ba, mace kuwa ko kusa. Gidajen kallon ƙwallo, rumfar kwano ce da aka cusa mutum kamar buhunan gero a sito, ga hayaƙin taba, ga ihu, ga wayar wuta a zube ƙasa. Sai 'yan lambunan otal da ake cin abinci a ciki, waɗanda farashinsu na ma'aikatan ƙungiyoyin waje ne da masu kuɗin tafiya a aljihu. Bayan waɗannan me ya rage? Mashaya, a loko, bayan katanga. Wato baƙon da ya zo garin Musulmi, in ba zai kwanta tun ƙarfe tara ba, hanyar da muka bar masa a buɗe ita ce wadda mu kanmu muke ƙyama.

Wani abokin cinikin mahaifina, dattijo Bakatsine, ya zo da uwargidansa suka sauka wani masauki da ba sai na kama suna ba. Na je gaishe su bayan isha'i na tarar an ɗauke wuta, janaretan masaukin kuma an ce babu mai. Suna zaune a tsakar gida suna fifita da kwali, sauro na ta aikinsa. Hajiya ta dube ni ta ce, «Ɗan nan, babu wani wuri da mata ke zuwa su sha iska a garin nan?» Na ce, «Hajiya, sai dai in kai ki gida wajen su Inna ku yi hira.» Alhaji ya ce, «To mu da muka ji ana ta yabon Maraɗi fa?» Na ce, «Baba, yabon na rana ne.» Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Mutanen nan kuɗinsu suka biya, kuma ba wani abu mai tsada suka nema ba. Wurin zama mai haske suka nema, da kujera, da fura mai sanyi, inda mace za ta zauna da mijinta ba wanda zai bi ta da ido.

Maganar mata ma ita ce ta fi ci mini rai. Matan Maraɗi su ne rabin kasuwar garin nan, kuma mata 'yan kasuwa na zuwa daga Kano da Katsina da Ƙonni sayen kaya. In dare ya yi, macen da ba ta da dangi a gari ɗaki ne makomarta, ta kulle ƙofa ta kama waya. In ta kuskura ta fito neman abin da za ta ci, kallon da za a yi mata kaɗai ya isa ya mayar da ita. Mun yi shiru a kan wannan kamar haka Allah ya halicci gari, alhali iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali da farin wata, a gaban kowa, ba wanda ya ce sun lalace.

Tushen abin dai wuta ce. Lantarkin da muke sha mafi yawansa daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka aka katse wutar a watan Agusta: gari ya koma kwana cikin duhu, mai sayar da ƙanƙara ya rasa sana'a, tela ya naɗe hannu. An ɗage takunkumin ECOWAS a farkon 2024, amma wa zai ce yau yana da tabbacin wuta daga magariba zuwa tsakar dare, musamman da bazara? Wanda duk ya yi tunanin buɗe wurin hutawa na mutunci, lissafin farko da zai yi na man janareta ne, kuma nan maganar ke mutuwa. In ya ɗora kuɗin man a kan kwalbar lemo talaka ya gudu, in bai ɗora ba ya karye.

Sai hanya. A 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a nan, an shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an yi gine-gine, mun yi murna har muna cewa gari ya waye. Yau ka bi titi da dare ka ƙirga fitilun da ke ci da waɗanda suka zama sanduna kawai. Ka sauka daga kwalta ka shiga cikin unguwa, ko Zariya, ko Ali Ɗan Tsoho, ko tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo, rairayi ne da ramuka da kwatar da ba ta da murfi. Da damina abin ya fi muni, ruwa ya yanke hanya, baƙo bai san inda kwazazzabo yake ba. Ɗan kabu-kabu kuma da ya ji harshenka ba na gari ba ne, dare ya yi, sai ya ninka kuɗi, in ka yi magana ya ce mai ya yi tsada ya ja babur ɗinsa. Mai adaidaita ya tafi gida tun wuri. Ba na zargin yaran nan su kaɗai, su ma tsoron masu ƙwacen babur suke. Amma ina tsarin? Ina tashar dare da baƙo zai je ya san wanda ya ɗauke shi yana da lamba, an san gidansu? Fita bayan gari kuwa ba a ma maganarta, kowa ya san halin da yankin Madarumfa da Gidan Runji ke ciki da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Tunda an rufe mana daji, ai kamata ya yi cikin gari ya buɗe.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba rasa abin nunawa muka yi ba. Maraɗi ce ta fitar da Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a Tawa a 1975, ga filin kokowa nan da sunansa. Sau nawa ake kunna fitila a filin nan da dare in ba gasar hukuma ta zagayo ba? Muna da 'yan kokowa a kowane ƙauye daga nan har Tasawa, muna da 'yan dambe, muna da masu kalangu da gurmi da kukuma, muna da 'yan wasan kwaikwayo da za su sa mutum dariya har ya riƙe ciki ba tare da kalmar batsa ko ɗaya ba. Zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya, lokacin shugaba Seyni Kunce, kowace unguwa tana da ƙungiyarta, ana gwajin waƙa da rawa da wasa da dare, ana gasa tsakanin unguwa da unguwa, dattawa na zaune suna kallo. Ba ina cewa a maido da mulkin wancan lokaci ba ne. Ina cewa an taɓa yi a garin nan, da kuɗin da bai kai na yau ba. Gidajen silima da yayyenmu suka shiga sun rufe, ba a sa komai a gurbinsu ba. Gidan al'adu yana nan, amma baƙon da ya sauka yau ta ina zai san ko akwai wasa gobe? Ba allo a tasha, ba takarda a masauki, ba sanarwar da ta wuce ta baki da baki.

Na san abin da wasu za su ce: dare na ɓarna ne, gara kowa ya kwanta. Na kuma san tarihin da ke bayan tsoron. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, an far wa mashaya da wasu wurare a nan Maraɗi an ƙona. Tun daga nan duk mai son ya zuba kuɗinsa a harkar dare sai ya yi tunani sau biyu, ko da shayi da wasan yara zai sayar. To malamaina, ina tambaya da ladabi: duhun nan ya hana ɓarna? Ku zaga bayan makarantu da kangaye da dare ku ga yaranmu da tiramol da shisha. A duhu suke sha, don babu idon babba a wurin. Filin da ke da fitila, da 'yan sanda biyu a ƙofa, da ɓangaren iyali, da dokar tashi ƙarfe sha ɗaya, ya fi loko tsaro sau dubu. Mu ne ke cewa baƙonka annabinka. Wace irin karɓa ce a ciyar da mutum sannan a rufe shi a ɗaki mai zafi tun kaji ba su gama kwanciya ba?

Alhazan garin nan ma ba zan ƙyale su ba. Tun zamanin gyaɗa sunan Alhazan Maraɗi ya kai ko'ina, kuma ba wanda ke musun alherinsu, sun gina masallatai, sun yi rijiyoyi, suna ciyarwa da azumi. Amma gidan mai a kan gidan mai, shago a kan shago, sito a kan sito. Su da kansu in sun je Kano ko Dubai suna kai 'ya'yansu wurin wasa da dare, su ɗauki hoto su sa a Facebook. A ce cikinsu babu mutum ɗaya da zai kewaye fili, ya dasa bedi da mangwaro, ya sa fitilun hasken rana, ya jera kujeru, ya ba masu kilishi da masu fura da mata masu dambun zogale da awara rumfuna masu tsabta? Ba sadaka nake roƙo ba, kasuwa ce. Kuɗin da baƙo zai kashe a nan da dare yanzu a aljihunsa yake komawa gida, wasu ma da sun gama ciniki suke kama hanya don kar dare ya same su a garin da ba abin yi.

Ga kuma jirgin ƙasa da aka aza harsashin hanyarsa a Fabrairun 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan. Ran da ya fara sauke mutane da yamma, me za mu nuna musu?

Masu riƙe da birnin nan, ba sai kun jira wani babban shiri daga Yamai ba. Ku fara da dare biyu a mako, Juma'a da Asabar, bayan isha'i. Ku buɗe filin kokowa, ku sa fitilun hasken rana da ba su jiran layin Katsina, ku kira unguwanni su kawo 'yan wasansu bi da bi, ku ware wa mata da yara gefensu da ƙofarsu. Kuɗin shiga ya zama wanda mai turin kura zai iya biya. Ku zauna da malamai da masu unguwanni tun farko a yarda da abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, don kar a fara yau a rufe gobe. Ku gyara fitilun da suka mutu tsakanin tashoshin mota da masaukai, ku ba 'yan kabu-kabun dare riga mai lamba da farashi sananne. Ku buga jadawalin wata a manna a kowace tasha da kowane masauki, a karanta shi a gidajen rediyon gari da Hausa. Harajin kasuwa da na tasha da na rumfuna kullum ana karɓa, ba a taɓa fashi ba, daga cikinsa za a fitar da kuɗin fitilun.