Idan kuɗin biki suka gaza, mai gitar bas ake fara sallama

Daren Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe goma, maigidan da nake bi wurin kiɗa ya kira ni. Na riga na goge gitata, na naɗe wayoyi, har na yi ciniki da mai Keke Napep da zai kwashe ni da amfilifaya zuwa wurin dina ranar Asabar. Ya ce, "Ƙanena, sai haƙuri fa. Masu bikin sun rage kuɗi. Mai fiyano zai riƙe bas ɗin da hannun hagu." Na ce, "Ba komai Oga, Allah Ya nuna mana wani." Amma akwai komai, domin wannan ne karo na uku cikin wata biyu, kuma kullum ni ne. Ba a taɓa cewa mawaƙi ya zauna a gida ba, ba a taɓa cewa mai ganga ya zauna ba. Shi ya sa yau na ga ya kamata in yi magana a nan, inda masu biki da makaɗa duk za su gani.

Shekara 14 ke nan ina kaɗa bas a garin Bauchi. Ga wanda bai sani ba, ita ce gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda yara ke kira babbar gita. A Yelwa na koya, a ɗakin wani maƙwabcinmu da ke kaɗawa a cocinsu. Ni Musulmi ne, shi Kirista, kuma mahaifiyarsa ba ta taɓa barin in fita gidan ban ci tuwo ba. Ba zan ɓoye ba, yawancin masu bas da na sani a Bauchi da Gombe daga coci suka fito, ko daga bariki, don can ne ake da kayan kiɗa, can ne kuma ake maimaitawa duk mako. Yaron cikin gari da ke son wannan abu sai ya tsallaka unguwa kafin ya taɓa tsirkiya.

Yadda ake samun ƙungiya a nan kuwa, babu wata sanarwa, babu ofis. Baki ne kawai. Wani ya ji ka a wani biki, ya karɓi lambarka. Mai bas ɗin wata ƙungiya ya kwanta zazzaɓi ranar Juma'a, a kira ka ka tsaya masa ranar Asabar, a turo maka waƙa goma sha biyu ta WhatsApp da tsakar dare ka kwana kana bi da kunne. Idan ka riƙe su ba ka kunyata kowa ba, an san da kai. Haka na shiga ƙungiya uku a lokaci ɗaya: ɗaya ta ɗalibai a Gwallameji kusa da Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ɗaya ta bukukuwa, ɗaya kuma ta wani dattijo mai son tsofaffin kiɗe-kiɗe irin na zamanin Bala Miller, wanda ya riƙe babbar ƙungiya a Kaduna yana waƙa da Hausa a kan gita da ƙaho. Aiki kuwa da kakarsa yake zuwa. Disamba ba ka da lokacin kanka, daga Dass ka faɗa Tafawa Ɓalewa, washegari ka kama hanyar Gombe zuwa Billiri ko Kaltungo. Bayan Sallah bukukuwa su ɓarke. Azumi da tsakiyar damina sai ka rataye gita ka koma sana'arka ta rana. Ni gyaran waya nake yi a wajen Wunti, da shi nake ciyar da gida.

To me ya sa mai bas ne saniyar ware? Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma na gano cewa mutane ba su san suna jin mu ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitata tana kaɗawa kusan sau 41 ne kacal a daƙiƙa ɗaya. Sautin ƙasa ne sosai, ƙirji da tafin ƙafa ke fara ɗaukarsa kafin kunne. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da shi, kuma yau ta waya kowa ke sauraron waƙa. Mutum zai yi shekaru yana jin waƙa bai taɓa jin bas ɗinta ba. Ranar da zai aurar da 'yarsa aka kawo masa lissafi ya ga an rubuta mai bas, dole ya tambaya wane ne wannan kuma, me yake yi.

Amma iyayenmu sun san wannan sauti tun kafin Leo Fender ya fito da gitar bas ta lantarki a Amurka a 1951. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu amada, irin ƙungiyar marigayiya Barmani Choge, ya ga babbar ƙwarya da ake kifawa a kan ruwa a doka. Wannan dum-dum ɗin shi ke tayar da mata daga tabarma. Ku je ku ga Zumuntar Mata a coci, akwai mai dukan bakin tulu, ita ce ke riƙe kowa. Ba a taɓa jin an ce kuɗi sun gaza, a bar ƙwaryar ruwa a gida ba. Aikin da take yi shi nake yi. Ni ne tsakanin mai ganga da mai waƙa, in ganga ta yi sauri in ja ta baya, in mawaƙi ya ɓace in nuna masa hanyar dawowa ba tare da kowa ya lura ba.

Na san za a ce ai fiyano na yin bas. Yana yi, ban musa ba, kuma da shi aka gina kusan duk waƙoƙin finafinan Hausa da muke ji. Sai dai hannun hagu na mutumin da hankalinsa ke kan hannun dama ba ya kallon filin rawa. Ni ina kallo. Idan uwar amarya ta shigo fili da ƙawayenta, na san takunsu ba irin na 'yan mata ba ne, sai in sassauta, in ba su wuri su yi rangwaɗa. Idan abokan ango suka shigo in ƙara nauyi. Wannan ba ya cikin na'ura, kuma shi ne dalilin da ya sa ake kiran makaɗa maimakon a sa faifai.

Ban ga laifin masu biki gaba ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man janareta da na motar da za ta kwashi kaya sun cinye abin da a da ake raba wa mutum biyu. Mai DJ zai zo shi kaɗai da kwamfuta da lasifika biyu, ya karɓi abin da bai kai rabin namu ba. Shi ma abinci yake nema, ba ni da faɗa da shi. Abin da ke ci mini rai yana cikin gidanmu ne, mu makaɗa.

Bari in ba ku labarin wani dare a Gombe. Mun tashi daga Bauchi da safe, mu shida da kaya a mota ɗaya, amfilifaya a kan cinyata har muka isa. Muka yi kiɗa daga bayan Isha'i har kusan ɗaya na dare. An yi liƙi sosai, takardun kuɗi sun rufe ƙafafun mawaƙinmu, yaronsa na bi yana tsincewa yana cusawa a kwali. Ni ina can baya kusa da janareta, hayaƙi na shiga idona, yatsuna biyu sun yi kanta har ɗaya ta fashe. Da aka tashi, muka zagaya bayan rumfa, aka haska fitilar waya aka juye kwalin. Aka cire kuɗin mota, aka cire na hayar lasifika, Oga ya ɗebi nasa, mawaƙi ya ɗebi nasa. Aka miƙo mini naira 4,000 aka ce, "Ka sha ruwa." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Wannan godiyar ce har yau take damuna, domin tun kafin mu bar Bauchi ban tambayi nawa za a ba ni ba. Na ji kunya. An ce mini sai abin da Allah Ya hore, na ce to.

Dogaro da liƙi shi ne ya kashe mu. Liƙi na wanda ke gaba ne, mai riƙe da makirfo, mai kiran sunan mutane da na iyayensu. Yanzu ma abin ya ƙara rikicewa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da turawa ta banki, kuma asusun mawaƙi ake karantowa. Ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira a wurin biki, kuma da aka ga an fara gurfanar da mutane a kanta a 2024, wasu manya suka daina fitowa fili da kuɗi. Da, ko ba komai, kwali ake juyewa a gaban kowa. Yau kuɗin na cikin wayar mutum ɗaya, abin da ya ce ya shigo shi ne ya shigo.

Kayan aikin kuma ba sa jiran liƙi. Tsirkiyar bas ba a yin ta a ƙasar nan, da dala ake shigo da ita, kuma sau da yawa sai ka aika Jos kafin ka sami mai kyau. Idan tawa ta dushe saboda gumi da ƙura, kwance ta nake yi in naɗe in jefa a tukunya in tafasa, in shanya a kan igiya, in mayar. Takan farfaɗo na ɗan lokaci. Ranar farko da matata ta ga haka ta tsaya a ƙofar madafa tana kallon tukunyar, ba ta ce komai ba, sai washegari ta ware mini wata tsohuwar tukunya ta ce wannan taka ce. Amfilifaya kuwa sau biyu wutar janareta na ƙona mini ita a wurin biki, kuma daga aljihuna na gyara.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Shugabannin ƙungiyoyi, ku faɗa wa kowane makaɗi kuɗinsa tun ranar da kuka kira shi, liƙi ya zama ƙari a kai. Idan kun karɓi kafin alƙalami daga masu biki, ku ba kowa wani abu daga ciki, don wanda aka sallama daren Alhamis ya riga ya ƙi wani aikin saboda ku. Idan kuɗi suka gaza, a zauna a rage wa kowa, kowa ya ji a jikinsa. Ku kuma ƙannena masu tasowa a Yelwa da Tudun Wada da Bolari, ku daina karɓar aiki don kawai a gan ku a kan dandamali. Duk ranar da ka yi kyauta, farashin wanda ke da 'ya'ya uku ka karya.

Jiya wani ya kira ni daga Kaltungo, bikin ƙanwarsa wata mai zuwa. Ya ce ya ji ni a wani wuri, kuma shi bas yake so ya ji a ƙirjinsa. Na faɗa masa kuɗina, na ce da kuɗin mota, kuma rabi kafin in taso. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in turo lambar asusu. Da safen nan rabin ya shigo, na aika Jos a sayo mini sabuwar tsirkiya.