Mai saye ba baƙonki ba ne, a daina jin kunyarsa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa. Atamfa da leshi take sayarwa, tana saro su a Kantin Kwari ta ɗora a sitatus ɗinta na WhatsApp da Instagram, yau shekara uku ke nan. Wata mata ta yi kwana biyu tana yi mata magana, ta zaɓi turmi shida, ta ce lefen ƙaninta take haɗawa, za ta zo ta gani da idonta. Ta zo a adaidaita sahu, ta yi sallama, aka shigar da ita falo, aka kawo mata ruwa. Ta ɗaga kaya ta yaba, ta taya, aka daidaita. Sai ta danna waya ta juyo mata da ita: "Hajiya ga shi, ya fita daga wajena." Rasit ne da sunan ƙanwata, da lambar asusunta, da adadin kuɗin cif. Can sai ga saƙo ya faɗo wayar ƙanwata da sunan bankinta. Mai adaidaita kuma yana ta hon a waje.

Ta ce min ranta ya ba ta ta buɗe manhajar banki ta duba, amma ta ji nauyi. Matar ta girme ta, ta sha ruwan gidanta, ta yi wa yaranta wasa. Da wane ido za ta nuna mata ba ta yarda da ita ba? Ta ɗaure kaya a leda, ta raka ta har bakin ƙofa. Da ta dawo ta duba, ko kwabo bai shiga ba. Ta kira, layi a kashe.

Kayan ba su ne suka hana ni barci ba, duk da jarinta na kusan wata biyu ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ita kaɗai ce a gidan da yara biyu, mijinta yana kasuwa, kuma yanzu wadda ba mu sani ba ta san gidan, ta san ɗakin da kaya suke, ta san lokacin da babu namiji a ciki.

Ra'ayina, kuma na daɗe da shi: kunya ce take cutar mu a wannan ciniki, ba rashin wayo ba. Ɗan Kano ba a koya masa kasuwa. Amma kasuwar da muka gada tana da masu gadi da ba ma lura da su. A Kurmi ko Kwari ko Sabon Gari, in baƙo ya zo rumfarka, maƙwabcinka yana kallo, yaron shago yana tsaye, ga dillali da ya san mai saye ya san mai sayarwa, kuma saboda haka yake cin la'adarsa. Ga shugabannin kasuwa in rigima ta tashi. Da muka koma waya sai muka sallami waɗannan duka, muka tsaya mu kaɗai da mutumin da abin da muka sani game da shi bai wuce hoton furofayil da lambar da zai iya jefar da ita gobe ba. Sannan muka ɗauko karar da ake yi wa baƙo muka ɗora masa. Wanda ya zo sayen kaya ba zumunci ya zo yi ba. Kunyar mara kunya asara ce.

Ko addini bai bar mu haka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi da rubuta shi take magana, kuma a cikinta aka ce mu kafa shaida idan mun yi ciniki. To in ka ce wa mutum "bari in kira ɗan'uwana ya tsaya mana", ina cin fuskar yake?

Maganar alat na bogi kuwa, ya kamata a ce kowa ya gane ta zuwa yanzu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, hatta mai kayan miya ya koma karɓar taransifa, su ma macuta suka bi mu can. Saƙon tes da kake gani da sunan bankinka, ana iya tura shi daga wani wuri a maƙala masa sunan. Rasit kuwa hoto ne, ana gyara shi kamar yadda ake gyara kowane hoto. Shaida ɗaya ce: ka buɗe manhajarka da hannunka, ko ka danna lambobin bankinka, ka ga balans ya ƙaru. In an ce maka "matsalar netwok ce, zai shigo", ka ce to Alhaji mu jira shi tare, ko ka tafi in ya shigo ka dawo ka ɗauka. Ga masu POS a kowane lungu, a taka a cire a ba ka a hannu. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan. Kuma ka duba sunan wanda ya turo. In ya sha bamban da na wanda ke gabanka, ka tambaya, domin akwai waɗanda aka rufe wa asusu saboda kuɗin sata sun bi ta ciki ba su sani ba. Wanda kuma ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, ka maido masa ragowar, kada ka taɓa komai sai ka ga kuɗin a balans.

Ku lura da gaggawa. Mai adaidaita yana jira, magariba ta kusa, zan bi motar Kaduna, yaro ba lafiya. Duk don kada ka samu minti biyun dubawa ne.

Mu maza kuma namu ya fi muni, don mu ba kunya kaɗai ba, har da ganin mun isa. Saurayi zai ɗora iPhone a Facebook ko shafin saye da sayarwa na Jiji, wani ya ce "ina so, ka same ni bayan isha a layin kaza", ya ɗauki waya shi kaɗai ya tafi. A garin da ƙwacen waya ya kai har gwamnatin jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a watan Mayun 2023! Mun san yadda ake yi da wuƙa a kan wayar da ba ta kai rabin wannan ba. Ni duk wayar da zan sayar, kasuwar waya ta Farm Centre nake cewa a haɗu, ko ta Beirut Road, da rana tsaka, a shagon wanda na sani. Nan za a duba ta, nan za a biya, in ba mai shagon ɗan abin shayi. In ba kasuwa ba, to cikin Ado Bayero Mall a Zoo Road ko harabar banki, inda akwai masu gadi da kyamara. Kai ne mai kaya, kai za ka faɗi wuri. In an kusa haɗuwa ya kira ya ce "ɗan ƙaraso gaba kaɗan, ina ta bayan gidan mai", ciniki ya mutu, ka juya. Kafin ka fita ka cire layinka, ka fita daga asusun Google ko iCloud, ka goge wayar gaba ɗaya, domin bankinka da hotunan iyalinka suna ciki. Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, ku sa ta a takarda da sunayenku da sa hannu, ko don ranar da za a aikata wani abu da wayar a biyo sawu.

Babur da mota kuwa, "bari in ɗana" ta raba mutane da yawa da abin hawansu. Ba a ba da makulli sai kana kai ko kuɗi na hannunka, takardu kuma sai an gama biya, gaban shaidu.

Na san abin da 'yan'uwa mata za su ce, kuma suna da gaskiya: da yawa sun zaɓi sana'ar waya ne don ba sa fita, kuma kwastoma tana son ta taɓa yadi kafin ta biya. In an ce kada a zo gida, kasuwar za ta koma wajen wata. Ban raina wannan ba, don na ga yadda ƙanwata take biyan kuɗin makarantar Islamiyyar yaranta da ribar turmi ɗaya-ɗaya. Amma akwai bambanci tsakanin wadda kika sani, ko wadda wata kwastomarki ta turo, da wadda ta faɗo daga intanet jiya. Ta farko ta shigo. Ta biyu a tsaya da ita a zaure ko a waje, kuma da wani babba a gida. Kada ki tura wa baƙuwa kwatancen gidanki, ki ba ta na wani sanannen wuri a kusa. Kada ki ce "maigidan ba ya nan, ki zo kawai". Namiji kuwa da ya ce matarsa zai saya wa, babu abin da zai kawo shi cikin gida. Mu ma mazajensu da yayyensu da laifinmu: muna murna suna sana'a, amma ba mu taɓa tambayar wa ke shigowa ba.

Mun kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar matar da ta cuci ƙanwata da hotunan hirar, don ko ba a samu kayan ba, a san da ita kafin ta je gidan wata. Sannan na zauna da mijinta muka je wajen wani dattijo mai shagon kayan masarufi a bakin layinsu. Muka ce, "Baba, alfarma muke nema." Ya amince duk baƙuwar kwastoma a same shi a shagonsa, yaron gidan ya kawo kaya, a duba a gabansa, kuma leda ba ta barin kan kantarsa sai ƙanwata ta kira ta ce kuɗi sun shiga. Naira 200 za a riƙa ba shi a kan kowane turmi. Jiya aka fara. Matar da ta zo ta zauna a kan bencinsa kusan minti goma tana jiran taransifa ta faɗa, ta ɗauki turmi biyu, ta kuma tambayi Baba ko zai yarda ita ma ta riƙa turo masu sayen turaren wutarta wajensa.