Alhaji Da Ƙaurar Saba

(Ofishin wani kamfanin sayar da kaya ta intanet. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin. Alhaji na cin gyaɗa, Injiniya ya shigo da kwamfuta, Kofa na biye da shi riƙe da caja.)

ALHAJI: Injiniya wai me nake ji, za ka taɓa min saba ana saura sati biyu sallah?

INJINIYA: Raba ta kawai zan yi Alhaji. Yanzu komai namu a indeks ɗaya yake, wato rumbun bayanai ɗaya, cikin Elasticsearch, manhajar da ke nemo wa kwastoma abin da yake so, sunan indeks ɗin "kaya", shadda da waya da takalmi duk a cakuɗe, shi ya sa jiya wata hajiya ta rubuta gold tana neman leshi aka jero mata wayoyi masu ruwan gwal.

ALHAJI: Ta sayi wayar?

INJINIYA: Ba ta saya ba.

ALHAJI: To lallai akwai matsala. Ci gaba.

INJINIYA: Su kansu masu Elasticsearch ɗin tun 2017 da suka fitar da siga ta 6 suka ce sabon indeks nau'in abu ɗaya zai riƙe.

ALHAJI: 2017? To kai kana ina tun lokacin?

INJINIYA: Kai ka ce a bari sai bayan sallah.

ALHAJI: Wace sallar?

INJINIYA: Ai ba ka faɗa ba ranka ya daɗe.

KOFA: Oga ni a ganina a kashe komai kawai yau da daddare a goge tsohon a yi sabbi uku, yadi da waya da takalmi, da safe sai mu tura wa kowa saƙo ya sabunta manhaja shikenan.

INJINIYA: Kai yaushe rabonka da sabunta taka wayar?

KOFA: Oga data ta yi tsada wallahi.

INJINIYA: To haka kwastomomi ma. Kuma manhajar waya da shafinmu da kwamfutar kashiya duk sunan "kaya" suka sani, shi suke kira, ranar da suka kira ba a amsa ba sai dai su ga 404.

ALHAJI: Naira 404 za a caje ni?

INJINIYA: A'a, nufinta an zo an tarar ba kowa. Shi ya sa zan sa inkiya, sunan "kaya" yana nan daram amma a bayansa sabbin indeks ukun nan ne ke amsawa, manhaja ba za ta ma san an yi ƙaura ba.

ALHAJI: Af! Ashe abin da na yi ne da na tashi daga tsohon shagona a Kwari, na bar yaro a bakin ƙofa duk wanda ya zo nemana ya ja shi zuwa sabon wuri. To wannan ne kake ta min turanci a kai? Nawa ne albashin yaron naka?

INJINIYA: Kyauta yake aiki.

ALHAJI: Allah ya yi masa albarka. A ɗauki biyu.

INJINIYA: Sai dai akwai sharuɗɗa. Sai na fara kwafe kayan zuwa sabbin indeks tsohon na ci gaba da aiki, duk abin da aka ƙara ko aka canza wa farashi a tsakanin nan kuma a rubuta shi wuri biyu, in ba haka ba shaddar da ka ƙara wa kuɗi yau za ta bayyana gobe da tsohon farashi.

ALHAJI: Innalillahi! A rubuta wuri huɗu.

INJINIYA: Sannan inkiya ba ta iya ɗaukar sunan indeks ɗin da ke raye, dole cire tsohon kaya da naɗa inkiyar su tafi cikin umarni ɗaya tak, babu ko ƙiftawar ido a tsakani. Kafin nan zan ɗauki kwafin ajiya, in abu ya ɓaci mu dawo da shi.

ALHAJI: Ajiyar nan tana cin kuɗi?

INJINIYA: Kaɗan.

ALHAJI: To mu dogara ga Allah.

INJINIYA: Za mu dogara Alhaji, amma da kwafin.

KOFA: Oga ni ina da tambaya, in kashiya ta saka sabon takalmi ta ce a kai shi kaya, cikin ukun nan wa zai karɓa?

(Shiru. Injiniya ya kalle shi.)

INJINIYA: Kai dama kana da kai? Ai nan ne ake zamewa, nema yana iya bi ta ukun gaba ɗaya amma rubutu sai an nuna guda ɗaya an ce kai ne mai karɓa, in ba a nuna ba saba ta ƙi. Don haka kwamfutar kashiya ita kam sai na gyara ta tun kafin ranar, kowane kaya ta san gidansa.

ALHAJI: Yaron nan a ƙara masa alawus. A'a tsaya, a dai yaba masa. Yaushe za a yi aikin?

INJINIYA: Ƙarfe 2 na dare, lokacin ba mai saye.

(Maigadi ya leƙo ta taga.)

MAIGADI: Ƙarfe 2? Ai ni Alhaji ya ce sha biyu na yi in kashe janareta, ko wa ke ciki.

INJINIYA: Alhaji?!

ALHAJI: Ka san kuɗin gas kuwa? Ka ce yaron naka kyauta yake aiki, to ya yi a duhu mana.