Aikin Sa-kai Ba Zaman Kashe Wando Ba Ne

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra a Ghana, da yaro ya ce yana aikin sa-kai, sai a ce ya rasa abin yi ne. Wasu ma suna haɗa shi da bautar ƙasa, wadda dole ce, shekara guda, ga wanda ya gama jami'a. Sa-kai kuwa ganin dama ne.

Albashi dai babu, sai kuɗin trotro, wato ƙaramar motar haya, in an dace. Amma Red Cross ta Ghana tana koya wa 'yan sa-kai agajin gaggawa: ɗaure rauni, tsayar da jini, danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke. Mai bin gida-gida lokacin rigakafin shan-inna kuma yana koyon cike takardu da lallashin maigida mai taurin kai. Ƙungiyoyin agaji irin wannan gogewar suke tambaya ranar ɗaukar ma'aikata, don haka a karɓi takardar shaidar horo kafin a bar wurin.